Mai Tocila Ya Tafi, Fitilar Kabad A Kashe

Kafin komai, bari in yaba wa mutanen kirki, dillalan ƙetare masu sayar da tsofaffin lensi a shafukan gwanjo na intanet, wato gilasan nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Na haura shekara ashirin a kasuwa, ban taɓa ganin masu tsoron ƙarya irinsu ba. Ba za su ce maka lensi lafiyarsa ƙalau ba. Za su ce "a iya ganina lafiyarsa ƙalau", su bar ka da tunanin ko da tabarau suka duba ko ido rufe. Za su ɗaukar maka hoto goma sha biyu, gaba da gefe da murfi da kwali, har da takardar shagon da kakansu ya saye shi. Hoto na goma sha uku ne kawai, wanda haske zai ratsa gilashin a ga cikinsa, kullum mantuwa take cinye shi. Idan suka rubuta "'yar ƙura ce kaɗan, ba ta shafar hoto", to gaskiya suka faɗa, ba ta shafi hoton da suka turo maka ba. Allah Ya saka musu gwargwadon niyyarsu.

Mutum ɗaya na sani da ba su cika samun sa'arsa ba, kuma shi ne muka binne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina a layin masu hoto, mai gyaran kyamara da lensi, wanda babba da yaro suka sani da Mai Tocila, bayan jinyar mako biyar a asibiti. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya uku, da wani kabad da ya hana ni sukuni tun ranar da muka buɗe shi.

Mai Tocila, shekara goma sha tara bango ɗaya ya raba shagona da naka. Ni ina sayar da jakunkuna da batura da katin ajiye hoto, kai kana zaune a kan teburinka, tabarau a kan karan hanci, 'yar tocilar nan a aljihun gaba. Mai Baki kake kirana. Ka sha faɗa a gaban mutane cewa ko jakar da zif ɗinta ya mutu sai in sayar, in ce wa mai saye an yi ta haka ne don kyamara ta sha iska. Ban taɓa musantawa ba, don ka ga ranar da na yi.

Ranar da na fara sanin ko kai wane ne, ni ne na yi wauta. Na ga wani lensi a gwanjo, farashinsa ya yi min daɗi, na taya ban shawarce ka ba, na ci. Da kwalin ya iso na ɗauko shi ina taku ɗai-ɗai, zan nuna maka cewa ba kai kaɗai ka iya ba. Ko ƙafata ban sa a shagonka ba ka ɗaga hannu.

"Tsaya nan bakin ƙofa, Mai Baki. Kada ka shigo min da shi."

Ka fito, ka karɓa, ka juya wa rana baya, ka haska tocila ta ƙasan gilashin, ka ce in leƙa. Na ga wani abu fari siriri a gefe, kamar zaren auduga ya yi rassa.

"Ƙura ce," na ce. "Mai shi ma ya rubuta."

"Ƙura ba ta yin 'ya'ya," ka ce. "Wannan fumfuna ce. Rai gare ta, kuma abinci take ci."

A tsaye a wurin ka karanta min. Ka ce duhu take so, da danshi, da iskar da ba ta motsi. Ka ce tana farawa ba a ganinta, makonni tana aiki a ɓoye, in ta bayyana kuma aka bar ta sai ta cinye shafen da ke kan gilashin, ta bar tabon da babu abin da zai fitar da shi har abada. Ka ce ba ka yarda mai ita ya kwana wuri ɗaya da mai lafiya. Kwana huɗu ka yi a kan lensin nan. Ka warware shi gilashi-gilashi a kan farin ƙyalle, ka wanke, ka shanya, ka mayar. Da ka miƙo min, abin da kawai ka ce shi ne, nan gaba in zan yi wauta in yi ta da safe, lokacin idonka ya fi gani.

Daga ranar na koma ɗan kallo a bencinka duk lokacin da za ka shiga gwanjo. Gwanjon nan ba irin na kasuwa ba ne da za ka ga fuskar abokin tayinka, ka gane daga gumin goshinsa inda ƙarfinsa ya tsaya. Agogo ne kawai yake tafiya a fuskar waya, kwana bakwai, kowa yana laɓe a ƙasarsa. Kai a kwanakin nan ba taya kake yi ba, karatu kake yi. Mu muna kallon lensin, kai kana kallon abin da ke bayansa. "Dubi bangon can," za ka ce, "fenti ya kumbura. Ga tukwanen fure a taga. Gidan nan danshi ne da shi." Ka faɗaɗa hoton har sai kan ƙusoshi sun cika wayar, in ka ga ƙarzuwa ka san wani ya taɓa buɗewa da hannun da bai iya ba. In lensi ya zo da gidansa na fata, mu murna muke yi an samu gyara, kai kuwa fuskarka ta canza, don ka ce fata tana riƙe laima fiye da komai.

Sannan ka rubuta wa mai kayan saƙonka ɗin nan guda ɗaya, wanda waya take juya maka zuwa harshensu: don Allah ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila ta baya, ka ɗauko min. Wanda ya turo, ka ci gaba da shi. Wanda ya ce ba shi da tocila, ka yi dariya ka ce mutumin da ke da kyamara huɗu ya rasa tocila, Allah Ya hore masa. Wanda ya ji haushi kuwa, ka ce ya amsa tambayar. Sai ya rage daƙiƙa takwas ka ajiye kofin shayinka, ka danna sau ɗaya, ka ɗauki kofin. Ni da ba kayana ba nake kasa zama, kai ko gezau ba ka yi. In aka fi ka, ka ce ba rabo, ka koma kan aikinka.

Akwai masu sayarwar da ka fi so kuma ka fi tsoro, masu rubuta "kayan mahaifina ne, ban san komai a kansu ba". Ka ce su ne masu gaskiya, amma ba su san shekara nawa abin ya yi a akwati a ɗakin ƙasa ba. Wata rana ka nuna min kabad ɗinka da haɓa, ka ce, "Rabin abin da ke ciki, masu shi na farko sun mutu. Mutum ya yi shekara talatin yana goge abu da gefen rigarsa, rana ɗaya wanda bai san kansa ba ya zo ya tattara." Dariya na yi a lokacin, na ce to ka rubuta wasiyya.

Ga wanda bai taɓa shiga shagon ba, kabad ne na katako mai ƙofar gilashi, hawa biyar, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum. A ƙasansa akwai ɗan ƙwan lantarki da yake ci dare da rana, shekara da shekaru, har da batirin da ke karɓa in an ɗauke wuta. Ɗuminsa ne yake korar danshi. Lensi a ciki tsirara suke zama, ba murfi ba gida, kowanne da 'yar takarda a wuya da sunan mai shi. A ƙarƙashin tebur kuma, nesa da kabad, akwai akwatin ƙarfe da muke kira kurkuku. Duk abin da ya sauka daga ƙetare, ko da mai shi ya rantse da kabarin uwarsa, sai ya yi mako uku a kurkuku, kana duba shi kowace safiya, kafin ya samu shiga cikin jama'a.

Kabad ɗin nan ba naka kai kaɗai ba ne, kuma nan ne alherinka ya fi yawa. Da ruwan farko ya sauka, duk mai hoto a layinmu zai kwaso lensin da ba kullum yake aiki da su ba, ya kawo maka ajiya har damina ta wuce. Ba ka taɓa karɓar ko sisi a kan haka ba. Wani ya kawo biyu, wani biyar, wani ya kawo guda ɗaya tak da ya fi duk abin da ke ɗakinsa daraja. Muka saba har muka daina godiya.

Ba zan manta da Mai Fasfo ba, dattijon da ke ɗaukar hoton fasfo a ƙarshen layi da farin ƙyallensa a bango. Ranar da kyamararsa ta faɗi lensin ya tsage, ya zauna a bencinka ya ce sana'arsa ta ƙare, don irin nasa an daɗe da daina ƙerawa, kuma hannunsa bai san wani ba. Mako bakwai kana bin gwanjo kana neman irinsa. Sau uku kana samu kana bari, don ba su ci jarrabawar tocila ba. Na huɗu ka ci. Da ya fito daga kurkuku ka ɗaura masa da hannunka, ka zauna a kan kujerar kwastomominsa ka ce ya gwada a kanka. Hoton nan shi ne aka manna a ƙofar shagonka ranar rasuwarka, don babu wani. Mutumin da ya rayu a cikin kyamarori, hotonsa ɗaya ne, na fasfo.

Tari ne ya fara, muka ce sanyin damina ne. Ranar da numfashi ya gagare ka aka ɗauke ka daga kan teburin zuwa asibiti, ƙaninka ya zo da yamma ya rufe shagon. Ana gobe za a kai ka, Mai Fasfo ya kawo lensin nan nasa don zoben saiti ya yi tauri, ka sa shi a kabad, ka ba shi aron wani ya riƙa lallaɓawa.

Na je duba ka a mako na biyu. Ka rame, robar iska a hanci, magana da ƙyar. Na zauna ina ba ka labarin layi don in sa ka dariya. Ka kama hannuna ka jawo ni kusa.

"Mai Baki, fitilar tana kunne?"

"Tana kunne," na ce. "Kai dai ka ji da kanka."

Ban duba ba. Makulli ba ya hannuna, ƙofar shagon ta ƙarfe ce ba a ganin ciki, kuma a raina wa zai taɓa fitilar da ta shekara goma sha tara tana ci? Bakin kasuwa ne ya amsa maka, bakin da ya saba cewa "akwai" kafin ya duba shago. Ka saki hannuna, ka lumshe ido kamar an sauke maka kaya. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma ina roƙon Allah Ya yafe min ita, tunda kai ba ni da inda zan same ka.

Kwana takwas bayan rasuwarka babbar 'yarka, wadda take ɗaukar hoton bukukuwa, ta karɓo makulli ta ce in raka ta. Muna ɗaga ƙofa warin ya tarye mu, warin ɗakin da ruwa ya kwana a bangonsa. Idona ya tafi kan kabad. Duhu. Ta buɗe, sai ga kowane lensi an rufe shi da murfi gaba da baya, masu gidan fata an mayar da su gidajensu, sauran an naɗe su da tsumma, an jera su tsaf. Na durƙusa na jawo kurkuku. Babu komai a ciki. Guda uku da ka sayo na ƙarshe, ciki har da wanda ka saya da saninka cewa yana da fumfuna don ka wanke, suna hawa na uku a tsakiyar kayan mutane.

Ina so a fahimce ni, don na san yadda magana take yawo a layinmu. Ƙaninka ba shi da laifi. Da muka kira shi ya zo da fara'arsa, yana jiran a gode masa. Ya ce ya ga wuta tana ci a cikin katako ba kowa a shago, ya ji tsoron gobara, ya kashe. Ya ga kaya masu tsada a buɗe ƙura za ta hau su, ya rufe. Ya ga wasu a akwati a ƙasa inda ɓarawo zai fara kai hannu, ya haɗa su da 'yan'uwansu. Awa biyu ya yi yana wannan aikin, don ƙaunar yayansa. Duk mai hankalin da ba ɗan sana'ar nan ba abin da zai yi ke nan. Da ya gane abin da ya faru ya zauna a ƙasa ya dafe kai, sai da muka koma ba shi haƙuri. Mu da muka sani, muna bango ɗaya da wurin, ba wanda ya ce a buɗe a duba.

Sama da mako shida a duhu, a tsakiyar damina. Lensi sittin da uku, ashirin da shida na mutane ne.

'Yarka ta ciro tocilarka daga cikin kayan da aka dawo da su daga asibiti, ta ja ƙofa ta rage haske, ta fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta ga kana yi. Ni ina riƙe da takardun sunaye, ina jin numfashinta. Duk wanda ta ɗaga sai in kau da kai. A na goma sha ɗaya ta tsayar da tocilar wuri ɗaya.

"Kawu, zo ka gani."

Zare ɗaya, fari, a gefe, ya fara rassa. Na juya takardar wuyansa. Na Mai Fasfo ne.

Huɗu muka samu a ranar. Abin da ya fi tayar min da hankali ba huɗun ba ne, sauran hamsin da taran ne, da suke nan garau kamar ruwan sha, ba wanda ya san me ke kwance a cikinsu. Kai ka gaya min sai ta yi makonni kafin ido ya kama ta. Kowace safiya yanzu muna haskawa. Jiya sun zama shida.

Ba zan ɓoye ba, dabarar kasuwa ta zo min. Na ce mata, "'Yata, waɗanda ba su nuna komai ba a mayar wa masu su kawai. Lafiyarsu ƙalau a iya ganinmu. Abin da ya fito daga baya, damina ce, kowa ya sani."

Ta dube ni ta saman tocilar, irin kallonka sak.

"Kawu, amana aka ba Baba. In mun yi shiru suka kai gida suka haɗa da sauran kayansu fa? Shi za a tambaya, ba mu ba."

Ita ce ta ce in rubuta wannan, in faɗi komai yadda ya faru, tunda ni ne mai bakin. Don haka duk wanda ya san yana da ajiya a kabad ɗin marigayi, ya zo da kansa, a haska a gabansa. Wanda ya karɓi nasa kada ya haɗa shi da sauran kayansa, kada ya sa shi a jaka ya rufe. Ya ajiye shi a buɗe inda haske da iska suke, ya riƙa dubawa. Mai Fasfo ya riga ya zo. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya ce Allah Ya jiƙan mai shagon, sannan ya tambaya a hankali ko akwai wanda zai iya buɗewa kafin ta ci gilashin.

Mun tambaya ko'ina. Masu gyaran waya sun ce ba layinsu ba ne. Wani da aka yi mana kwatancensa, da muka je sai muka tarar kai yake aiko wa da nasa. 'Yarka ta sha roƙonka ka koya mata, kana cewa bari a fita daga damina, bari aiki ya yi sauƙi, baɗi in Allah Ya kai mu. Shekaranjiya ta zauna a kujerarka, ta shimfiɗa farin ƙyallen, ta ɗauko wani mataccen lensi daga kwandon tarkace don ta gwada hannu. Ta yi minti arba'in kafin zobe ɗaya ya motsa. Da ya motsa wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba ya yi tsalle, muka ji ƙararsa a siminti, har yau ba mu gan shi ba. Ta ajiye sukudireban. Na Mai Fasfo yana gefe a kan taga, zaren cikinsa ya fi na makon jiya tsawo.

Allah Ya jiƙanka, Mai Tocila. Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi. Amanar da ka riƙe mana shekara goma sha tara ba tare da ko murfi ɗaya ya ɓata ba, Allah Ya sa ka tarar da ita a mizani, kuma kada Ya kama ka da abin da ya faru bayan ƙarfinka ya ƙare. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka uku, da ƙaninka wanda nake roƙon jama'a su sassauta masa harshe, da dukkan masu hoto na layinmu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ƙarfafa hannun yarinyar nan, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura mu, 'yan benci. Shekara goma sha tara muna shan shayinsa, muna kallon yatsunsa, muna ba shi shawarar yadda zai yi aikinsa. A cikinmu duka, wa ya san zoben farko dama ake murɗa shi ko hagu?